Injin Kapambwe da mai jiran gado

A unguwar su Kapambwe a Luanshya ba a bukatar agogo. Da an ji injin niƙansa ya yi tari sau biyu ya kama, to ƙarfe shida ta yi. Gajere ne mai tumbi, garin masara ya riga furfura zama a kansa. Bai taɓa aure ba, wai mitar injin ma ta ishe shi. Amma yana da 'ya'ya mata biyu, Nkole da Chilufya, waɗanda uwarsu ta bar masa ta auri wani direba a Ndola. A kansu ya koyi kitso, kitson da sai da malamar makaranta ta aiko a roƙe shi ya daina.

Su 'yan ƙabilar Babemba ne, kuma a al'adar kakanninsu ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu. Magajin nasa, Lombe, ƙato ne mai iyali, kowace Lahadi yana tafe. Ya share malmala biyu ta nshima, tuwon masararsu, ya zagaya injin yana shafa shi kamar mai taya saniya.

"Kawu, a riƙa sassauta wa injin nan namu. Na ji ƙararsa ta canza."

"Namu? Kai da wa?"

"Haba Kawu, Allah ya ja da ranka."

"Tsawon raina kake so, kake auna faɗin ƙofa da taku?"

Aka yi dariya, amma Kapambwe ya tsorata ƙwarai. Ran da ya faɗi, kafin a gama kuka mota ta kwashe injin, yaran su koma cin arziki a gidan wani. Ya kakkaɓe kwat ɗinsa ta zuwa coci, sai ofishin wata lauya, Namwinga.

"Doka tana bayan 'ya'yanka, Baba Kapambwe," in ji ta, "sai dai ba ta sammakon zuwa gidan makoki kamar dangi. Ka cire injin da gidan daga sunanka tun kana numfashi, a rubuta su amanar yaran. Kai za ka ci gaba da juya su."

"Wato in zama ɗan ƙwadago a injina?"

"Ɗan ƙwadagon 'ya'yanka."

"Ai da ma shi ne ni."

Saura wanda zai riƙe amanar a bayansa. Nan ake yin ta! Ƙanensa ba ya wuce ƙofar mashaya bai gaishe ta ba. Fasto mutumin kirki ne, amma ko akuya ta harare shi sai ya ba ta hanya.

"Ba mai kirki nake tambaya ba," in ji lauya. "Wa zai tsaya a bakin ƙofa ran da mota ta zo?"

Ya san mutum ɗaya. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce shi ne ya zo da mota gidan makokin nasa kawun, ya ɗauke injin da ya fara sana'a da shi. 'Yar marigayin, Musonda, tana da shekara goma sha shida, ta tare ƙofa da taɓarya, sai da maza uku suka janye ta. Tun ranar ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

A kasuwa ya same ta, tana auna busasshen kifi da gwangwani. Ya cire hula ya durƙusa, tumbi da komai, ya zayyana mata abin da ya kawo shi.

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku gani! Kura ta zo neman mai gadin akuya!"

"Na ci zagin, 'yar'uwa. Ƙara."

Ta kuwa ƙara, har masu tumatir suka bar ciniki suka matso. Da ta gaji sai ta goge hannu a zane.

"Ƙaramar 'yar taka, shekararta nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Kawo takardar," in ji Musonda. "Ba don kai ba. Ni na san yadda bayan motar nan yake in tana tafiya, ba na so su ma su sani."