Bangon Shagona Naki Ne, Mama Loretta

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, ina tsaka da ciniki da wani ɗalibi a kan tsohuwar kujera, 'yarki Darlene ta kira ni ta ce kin rasu a asibiti. Na sallama masa kujerar yadda ya taya. Duk wanda ya san Roscoe Tibbs ya san ban taɓa yin haka ba.

Garinmu Tilbury na jami'a ne, kowa a jikinta yake ci. Ni kayan da ɗalibai ke zubarwa a bakin titi ƙarshen zango nake kwashewa, in goge, in sayar wa sababbin shiga. Ke kuwa bayarwa kawai kika iya. Duk shekara idan Ranar Godiya ta zo, bikin nan na ƙarshen Nuwamba, gari ya watse, kowa ya tafi wajen danginsa, sai ki buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba su da wurin zuwa. Talotalo, dankali, kek ɗin kabewa, har sai ciki ya ce ya isa. Kujeru a shagona kike ara, kuma ba ki taɓa fasa cewa, "Roscoe, ƙanena, bana ka kawo masu ƙafa huɗu."

Cikin masu zama a teburin nan akwai wani ramammen ɗalibi, Alden Whitcomb. Kika ga yana rawar sanyi, kika ɗauko rigar marigayi mijinki kika yafa masa. Yau farfesa ne.

Bara waccan hukumar gari ta ce za a zana fitattun mutanen Tilbury a dogon bangon da ke kallon ƙofar jami'a. Bangon shagona ne, na ba su aro. Whitcomb aka naɗa shugaban kwamiti. Na miƙe a taro na ambaci sunanki. Ya gyara tabarau ya ce, "Malam Tibbs, duk muna ƙaunar Loretta. Amma bangon na waɗanda suka fitar da sunan garin nan a duniya ne. Gasa talotalo ba ya ciki."

Kina zaune kusa da ni. Kika yi dariya kika ce, "Ƙyale shi, Roscoe, yunwa ce ta sake shi." Ni ban yi dariya ba.

Aka zana mai horar da 'yan ƙwallo, da wata mai nazarin taurari. A tsakiya kuma Whitcomb da kansa, kai kamar ƙofar gareji, rungume da littafi.

Ranar jana'izarki ya zo coci da furanni, ya nemi a ba shi magana. Har da hawaye, wai uwa kike a gare shi. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Roscoe, mun yi rashi."

Na ce, "Farfesa, ka je ka ɗauki hoto da fuskarka ta jikin bango kafin Ranar Godiya."

Na sayi fenti, Mama. Bangon nan aro na bayar, ban sayar ba. Ɗaya daga cikin waɗanda kika ciyar mai zane ce yanzu, kuma tana hanya. Ke za a sa a tsakiya, da ludayi a hannu. Shi ma ba zan goge shi duka ba, ban kai shi rashin kunya ba. Zai koma can ƙasa, ɗan ƙarami, cikin rigar mijinki, riƙe da faranti yana jira ki zuba masa. Ta nan yake bi kowace safiya zuwa ofis.

Na san da kina nan za ki ce in bari. To, ba kya nan.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya ba ki hutu a wurinsa. Darlene da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Teburin bana a gindin bango za a shimfiɗa shi, kuma kujerun duka masu ƙafa huɗu ne.