Tarin Ɓawon Goggo Rakiya

Goggo Rakiya ta Jajaye ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a shago ina ɗura man gyaɗarta a kwalabe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu hannuna ƙamshin man nata yake yi, ga shi da shi nake rubuta ta'aziyyarta.

Duk wanda ya taɓa sayen mai ko ƙuli-ƙuli a wurina a Karaye, to na Goggo ya ci. A gidanta na koyi sana'ar. Ranar farko da ta ba ni suyar gyaɗa na mayar da ita baƙa ƙirin. Ta leƙa kaskon ta ce, "Hauwa, ke gawayi kika zo koya ashe. To shi ma sana'a ne." Ta kwashe, ta zubo mini wata.

Ba ka shiga gidanta ka fito hannu biyu. Ko ƙuli ne sai ta ƙulla maka, ta ce na yara ne, ko da ta san ba ka da yaran.

Da na haihu, a kan babur ta zo tun daga Jajaye da galan ɗin mai a cinya, ta yi mini faɗa a kan ɗakina bai sharu ba, sannan ta ɗauki tsintsiya ta share.

Shekara da shekaru ta yi a bakin murhun itace. Idonta kullum ja, tari kuma ba ya barinta. Ga itacen ya yi tsada, inda ake samo shi a da duk ya zama gonaki. To a wani taron mata a Rogo ta ga yadda ake yin gawayi da ɓawon gyaɗa: a ƙona shi a rufe cikin ganga, a daka, a kwaɓa da ruwan sitaci, a dunƙula, a shanya. Ta dawo gida ta fara tara ɓawo a ƙofar gida har ya yi tudu.

An sha yi mata dariya, ana cewa Goggo ta koma tara bola. Ni ma na yi dariyar, sai da na shiga madafarta na ga ana suya babu mai share hawaye.

Burinta ɗaya ne: injin niƙa da matse mai, mai aiki da sola. Matan da ke aiki a gidanta da hannu suke murza tunkuza har kafaɗa ta sage, niƙa kuwa sai an ɗauki gyaɗa an kai Rogo. Duk bankin da ta je sai a tambaye ta takardar fili, ita kuwa ba ta da shi. Sai ga wani ƙaramin banki daga Kano ya ce zai ba da rance marar ruwa ga masu ƙananan sana'o'in da ba sa cin itace da man dizal. Ba sa neman jingina, za su zo ne su gani da idonsu.

Ban taɓa ganin ta da murna irin ta lokacin ba. Ta ce mini, "Kin ga bolar tawa ce za ta tsaya mini."

Ranar da za su zo, ta tafi tashar Rogo ta taro su da kanta. Ta bar gida a hannun ƙaninta, Kawu Sale, mutumin da in dai a kan yayarsa ne ba ya jin gajiya.

Kun san halinmu. Ba a karɓar baƙo a kan juji. Kawu Sale ya tara maƙwabta, suka kwashe ɓawon nan tas suka kai bayan gari. Gangunan ƙona gawayi suka tura bayan danga, wai sun yi baƙi da yawa. Aka kawo amalanken itace aka jera shi reras a bakin zaure, don a san gidan da ƙarfinsa. Har janareto ya aro a wurin mai cajin waya, ya tayar da shi yana ta hayaƙi, kada mutanen birni su raina yayarsa.

Baƙi suka iso, suka sha fura, suka ɗauki hotuna, suka yi godiya. Goggo ta yi ta bayani, amma abin da ido ya gani shi ne itace da janareto. Daga baya aka kira ta aka ce sana'arta ba ta cika sharaɗi ba.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Kawu Sale ne ma ya daina shiga gidan saboda kunya, har sai da ta bi shi gona da kwanon abinci. Ta ce masa, "Sale, gata ka yi mini, gatan ne ya yi yawa. Taho mu ci gaba da tarawa."

Suka sake tarawa. Shi ne ma yake bin gidaje da buhu har garin Beli.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar kasuwar Karaye ce da ta wuce. Ta zauna a bencin shagona tana ta tari, irin wanda sai ka ji shi a ƙirjinka. Ta ce mutanen bankin sun yarda za su dawo, tunda kaka ta yi, ɓawo ya samu.

Na ce, "Goggo, tarin nan fa ya yi yawa. Mu shiga mota gobe mu je Kano a duba ki."

Ta ce, "Bari baƙina su zo su tafi tukuna. In na bar gidan, wa ya san abin da Sale zai aro wannan karon?" Ta yi dariya har tarin ya sake kama ta.

Mako mai zuwa ne za su zo.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Ta yi komai yadda ake so tun kafin a ce ana so, amma ranar da za a gani ba a gani ba. Na san ba a ja da ƙaddara, kwana ne ya ƙare. Sai dai zuciya ba ta jin magana, ina ta tunanin da tun zuwan farko aka samu injin nan, da ta samu sukunin zuwa asibiti.

Ɗazu na kira 'yarta Binta kafin in kama hanya. Ta ce tun kafin a ɗauki gawa mata suka fito da tsintsiya za su gyara ƙofar gida saboda masu zuwa gaisuwa. Kawu Sale ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a gaban tarin ɓawon, a nan yake karɓar ta'aziyya. Duk wadda ta matso sai ya ce, "Ku share ko'ina, ban da nan. Yaya tana da baƙi."

Binta ta ce ita za ta tare su a tasha.

Allah ya jiƙanki Goggo, ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki, ya haskaka kabarinki. Allah ya ba Binta da Kawu Sale haƙuri, ya cika wa matan gidan nan burin da kika bar musu. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko bai san ta ba.