Ɗoɗoriyar Inna

Inna ta rasu ta bar ɗoɗoriya a bangon gidanmu na unguwar Gidan Dare a Sakkwato, tsiron nan mai kaurin gaɓoɓi da ke hawa bango, ba ruwansa da rani. Da aka zo gyaran gida bayan sadakar arba'in, magina suka tuge ta suka watsar. Reshe ɗaya na tsinto, karyayye, bai fi kamu ba. Shi kaɗai ya rage cikin abin da ta dasa da hannunta, kuma ina son ya rayu har cikin raina.

Babban yayanmu ya gan shi a hannuna, ya ce shi zai dasa. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa babba magana, ko da babban ya ce rana daga yamma take fitowa. Na dai lallaɓa na ce, "Yaya, Inna takan aje shi inuwa bakin ya bushe, kahin ta sa shi cikin rairai."

Ya ce, "Kai ka koya min shuka? Da zahin ga na Sakkwato, wane icce ka rayuwa babu ruwa?"

Ya sayo tukunyar fulawa mai ƙyalli wadda ko huji babu a gindinta, ya cika ta da taki, ya kafa reshen. Safe ruwa, yamma ruwa, kuma na leda, wai na rijiya bai dace da darajar Inna ba. Kullum sai ya ɗauki hoto ya tura wa dangi a waya, ya rubuta "amanar Inna", ana ta sa masa albarka. Ni kuwa ina kallon gindin yana baƙi, haushi kamar ya kashe ni, bakina na cewa madalla.

Wata Juma'a Gwaggo ta zo, ƙanwar babanmu. Yaya ya kai ta ta ga amana. Tana taɓa reshen ya luguiguice a yatsunta kamar dafaffiyar kuɓewa, wari ya taso.

Yaya ya ce, "Ikon Allah! Wanga baki na anka yi mashi."

Gwaggo ta goge hannu da bakin zane, ta dubi Yaya.

"Babu wani baki, ɗana. Wata biyu ina jinyar uwakka asibiti tana tambayar ka. Ruwan da tay yi ta jira ka miƙa mata, su na kaz zubo ma iccen ga gaba ɗai."