Cikin goɗiyar Baba

Jama'a, ku ji wani abin mamaki.

Goɗiyar nan ta marigayi Baba, tun da muka binne shi cikinta ke kumbura. Muka ce tsutsa ce. Yau yayana Bulus ya ɗauko likitan dabbobi daga Kafanchan. Likita ya sa doguwar safar hannu, ya zura hannu ta bayanta har kafaɗa. Sai ya ce, "Wace tsutsa? Ciki ne! Ga ɗan yana motsi."

Bulus ya ce, "Kai!"

Mama ta zauna a ƙasa. Ta ce, "A asibiti babanku ya yi ta gaya mini goɗiyar nan tana da ciki. Na ce masa zazzaɓi ne, ya kwanta ya huta."