Rabin Askin Yaya Sale

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar yayana Sale Wanzami, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na ga reza a hannun mutum sai gabana ya faɗi.

Wanzanci gadon gidanmu ne. Yaya ya riƙe, ni na gudu na shiga fatauci tsakanin Gumel da Maigatari. A can na fara sayen reza mai baki ɗaya, irin ta da mai kaurin baya, ina kawowa ƙauyenmu kusa da Sule Tankarkar ina yi masa tsiya, wai zamanin aska ya wuce. Ba ya musu. Ya taɓa jujjuya ta ya ce ba laifi, in aka goga ta a tafin hannu za ta ƙara aske kai biyu. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba, a tashi daga kan mutum ba a gama ba. Ko hadari ya taso a kasuwar Gagarawa, sai ya share ƙeya tas yake naɗe tabarma.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata Alhamis ya ce in yi masa askin Juma'a, ya nuna mini zabirarsa. Na ƙi, na zaro rezata. Gaskiyar magana na manta yadda ake wasa aska, kunyar faɗa nake ji. Ina kaiwa tsakiyar kai reza ta dakushe, gugar tafin hannu ta ƙi ci.

"Ɗauko askar, Habu," in ji shi. "Zan nuna maka."

Na ce ina, bari in hau keke in sayo sabuwa a cikin gari. Na kuma tsaya surutu a tasha. Da la'asar na dawo na tarar mata na kuka.

Na ɗauko askar zan ƙarasa masa, liman ya riƙe ni, ya ce ba a yi wa mamaci aski. Haka muka sa shi a likkafani, rabin kai fes, rabi gashi.

Rezar yanzu kamar ɓawon albasa take, aski ɗaya a yar, an ce hakan ya fi lafiya. Da Yaya yana nan ina jin zai karɓa, don shi ba mai taurin kai ba ne. Ni ne.

Zabirar tana rataye a ɗakina. Na koma na koyi wasa aska, duk Alhamis nake yi. Ta yi kaifi yanzu, Yaya, amma babu kan da zan ƙarasa.