Hancin Malam Maharazu

Shekara ashirin Malam Maharazu ya yi yana gyaran ƙarfe a kasuwar Dei-Dei kafin wata jami'a ta ɗauke shi aikin kula da ɗakin injuna. A can ɗaliban injiniya ke zana kayan inji a kwamfuta, na'ura ta yanka musu. Shi kam bai taɓa sakin jiki da su ba. Duk ƙarfen da aka kawo neman maki, sai ya kai shi hanci tukuna. Madam Prudence, malamar darasin, dariya take yi masa.

Ran nan wani ɗalibi, Lukman, ya ajiye nasa aikin, sumul, yana ƙyalli. Maharazu ya sansana, ya ɗago ido.

"A na'urarmu ka yanka wannan?"

"Wallahi, Baba."

"Bar rantsuwa. Na'urarmu farin ruwa take sha in tana yanka, wannan kuwa warin baƙin mai yake yi."

Madam ta daina dariya. Maharazu ya bi bakin ƙarfen da babban yatsa, a hankali, sannan ya miƙa wa Lukman abinsa.

"In ka koma Dei-Dei, ka gaishe min da Israel. Ni na koya masa goge bakin ƙarfe haka."