Mai Aski da Littafin Kuku

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da wata mai sayar da kayan miya. Kujera ɗaya ce ta aski, sai dogon benci da madubi mai tsaga a kusurwa, sai talabijin da aka rataye can sama kusa da fanka. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a wurin, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya san labarin kuku.

Makarantarsa ba ta wuce firamare ba, amma Allah ya yi shi da son karatu. Yana saurayi wani mutum ya zo aski ya manta da littafi a kan benci, bai kuma dawo nema ba. Tsohon littafi ne wanda ya yi suna tun zamanin iyaye. Labarin wata mata ne da mijinta direban jirgin ƙasa ya rasu a hatsari, sai manya uku suka haɗa baki suka ɗora wa mamacin laifi don su wanke kansu. Matar ba ta yi ihu ba. Ta koyi girki, ta sauya suna, ta shiga gidajensu ɗaya bayan ɗaya a matsayin kuku, tana saurare tana tara sirri har shekara ashirin da biyu.

Mai aski ya karanta har sai da ya kusa haddacewa. Matsala ɗaya ce: bangon baya ya ɓalle da shafukan ƙarshe, daidai inda kuku ta shiga gidan mutum na uku. Da ya fara ba wa masu zuwa aski labarin suka matsa masa da tambayar yadda aka ƙare, sai ya haɗa nasa. Ya kai kuku kotu da wata wasiƙa a hannu, alƙali ya karanta, mugu ya faɗi sumamme. Mutane suka ji daɗi, shi kuma bai gaya wa kowa cewa shi ya ƙirƙira ba. Da shekaru suka tura, har shi kansa ya soma ganin kotun nan kamar a takarda ya karanta ta.

Yana da ɗabi'a guda: da ya kakkaɓe ƙyallen wuya, labari ya tsaya, ko da a tsakiyar magana ne. Saboda haka akwai masu dawowa gashi bai gama tsirowa ba. Shi ya sa ake ce masa Babi-babi.

Wata rana maƙwabcinsa mai gyaran takalma, abokin musunsa tun suna samari, ya shigo da fara'a ya ce an yi fim ɗin littafin, har ya sa an tura masa a waya. Aka haɗa da talabijin da rana tsaka, benci ya cika. Akwai wani malamin makaranta a kujera, an riga an aske masa gefe ɗaya.

Ba a yi minti biyar ba mai aski ya ajiye injin ya ɗauki rimot. Kukun da ya sani mace ce mai shekara arba'in, hannunta duk tabon mai, sai ga wata yarinya da jan baki, ko albasa ba ta iya riƙewa ba. Shekara ashirin da biyu an matse su sun koma wata ɗaya. Mutum na biyu, likitan da ya rubuta ƙaryar cewa direba a buge yake, an cire shi gaba ɗaya, alhali babinsa ne ya fi kawo masu zuwa aski. A madadinsa an kawo wani ɗan sanda dogo yana son kuku, yana bin ta da furanni. Duk inda aka kauce wa littafi sai mai aski ya tsayar da fim ya yi gyara, mutane na ta roƙonsa ya bari. Da kuku ta zaro bindiga daga cikin tukunya, sai ya zauna a hannun kujera ya dafe kai.

“Matar da ta dafa dutse ta sha romonsa,” in ji shi, “ita aka ba bindiga. To haƙurin fa, ina suka kai shi?”

Malamin makaranta ya tuna masa a hankali cewa kansa ma yana jiran haƙuri, rabi fari rabi baƙi. Haka dai malamin ya zauna har fim ya ƙare da gobara a gidan mutum na uku, kuku da ɗan sanda suna tafiya riƙe da hannu.

Mai gyaran takalma ya juyo yana murmushi. “Babi-babi, ban ga kotu ba. Ko alƙalin ya tafi hutu ne?”

Mai aski ya ce waɗanda suka haɗiye likita sukutum, haɗiye alƙali ba zai ba su wuya ba. Aka yi dariya, magana ta wuce. Amma mai aski ya kwana biyu abin yana damunsa.

'Yarsa ta fari, wadda take aiki a asibiti, ita ce ta ji labarin musun a gida. Don ta wanke babanta, sai ta je ɗakin karatu ta aro littafin cikakke, ta kawo shago ta miƙa masa a gaban kowa. Ta ce, “Baba, karanta musu kotun su ji, a huta.” Ya karɓa, ya juya shi, ya ce idonsa na yi masa yaji yau. Mai gyaran takalma ya ce nasa lafiya lau, ya goge hannu a riga ya buɗe daga baya.

Babu kotu, babu gobara. Kuku ta iske mutum na uku ya tsufa, hankalinsa ya gushe, ko sunan 'ya'yansa ba ya tunawa balle jirgi. Ta tsaya a kansa da kwano a hannu, ta rasa wanda za ta rama a kansa. Sai ta zauna ta ba shi abinci a baki. Shekara biyu tana jinyarsa har ya rasu, sannan ta gaya wa 'ya'yansa ko ita wace ce, ta ɗauki jakarta ta fita.

Mai aski ya share ido da ƙyallen aski, sannan ya fashe da dariya ya faɗi gaskiya: nasa littafin gutsurarre ne, kotun nan a kansa aka gina ta. Ya ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, yau ya ji a jikinsa. 'Yar ta rufe fuska don kunya, shi kuwa ya ce Allah ya yi mata albarka, ta biya shi abin da ya yi shekara talatin yana jira. Mai gyaran takalma ya ce ashe su biyu ne, shi da masu fim, suka yi wa marubuci ƙari, bambancin kawai masu fim suna da kyamara.

Mai aski bai yarda da wannan ba. Ya ce shi ƙarshe kaɗai ya taɓa, kuma bisa larura. Su kuwa littafi na gabansu cikakke suka yi masa kaca-kaca. Abu ɗaya ya yaba musu: wurin da aka nuna matar tsaye a tasha jirgi na wucewa, ba ta ce uffan ba. Ya ce wannan ko marubucin ya gani zai gyaɗa kai.

Yanzu ya haura sittin da biyar, hannu ya fara rawa, da safe kawai yake aski. 'Yarsa ta yi masa tabarau ta kuma saya masa sabon littafin, ya naɗe bangon da leda. Fim ɗin kuwa ya kalle shi sau huɗu tun daga ranar. Da matarsa ta tambaye shi dalilin nace wa abin da yake kushewa, sai ya ce bai gama gano kurakuran ba, kuma kiɗan ba laifi.